Saukar gaggawa: hannun matuƙi ne ke ceto, ko shawarar mintunan farko?

Injiniya Zazzau:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk lokacin da aka ɗauko zancen saukar gaggawa, sunan da ke fara fitowa shi ne Sullenberger, kyaftin ɗin da ya sauke jirgin fasinja a kan kogin Hudson na New York, a ce gwanin matuƙi ne, a wuce. Ni a ganina an taƙaita maganar. Wanda ya bi tarihin nan zai ga abin da ya fi raba masu tsira da marasa tsira shi ne shawarar da aka yanke a mintunan farko, da tanadin da aka yi tun jirgi yana ƙasa. Gwanintar hannu daga baya take zuwa.

A farkon zamanin jirgi mutuwar inji ba labari ba ce, da ita ake tashi a rai. Shi ya sa da Amurka ta shimfiɗa hanyar jiragen wasiƙa daga gabas zuwa yamma a shekarun 1920, ta jera ƙananan filayen ko-ta-kwana kusan kowane mil 25, da fitilu masu juyawa don tafiyar dare. Mu ma nan mun ga irinsa. Daga 1940 jiragen yaƙin Ingila da ake harhaɗawa a Takoradi suna bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, El Geneina, El Fasher, Khartoum, har Alƙahira, zango-zango, ƙananan masu inji ɗaya suna bin babba mai inji biyu da ke ɗauke da mai duba hanya. Daga baya tunanin ya zama doka. A 1953 Amurka ta ce jirgin fasinja mai inji biyu kada ya yi nisan da ya wuce tafiyar minti 60 da inji ɗaya daga filin da zai iya sauka. A 1985 tsarin ETOPS, wato sabuwar ƙa'idar wannan nisa ga jirage masu inji biyu, ya kai shi minti 120, a 1988 ya kai 180. Wannan duk aikin biro da takarda ne, kuma ya ceci rayukan da ba wanda ya ƙirga.

Tsohon Kyaftin:
Wa alaikumus salam. Injiniya, ka faɗi gaskiya amma ka bar rabinta a aljihu. Ɗauki jirgin Air Canada 143, ran 23 ga Yulin 1983, Boeing 767 da mutum 69. Mai ya ƙare masa a sararin Kanada, matsalar ta fara yana ƙafa 41,000. Takardar matakan da ke hannunsu ba ta da shafin sauka ba inji ko ɗaya, don ba a zaci hakan zai faru ba. Bob Pearson matuƙin jiragen da ba su da inji ne a lokacin hutunsa, shi ya zaɓi gudun kusan kilomita 400 a awa da tunaninsa. Mataimakinsa Maurice Quintal ya auna ya ga suna faɗuwar ƙafa 5,000 a kowane mil 10 na teku, wato mita 12 gaba a kan kowace mita 1 ƙasa, ya ce ba za su kai Winnipeg ba, ya kawo shawarar tsohon sansanin soja na Gimli inda ya taɓa aiki.

Da suka hango titin sun yi sama da yawa, kuma kewayawa sau ɗaya za ta cinye abin da ya rage. Sai Pearson ya taka fedar wutsiya gefe guda, ya karkata fiffike ɗaya gefen, jirgin ya riƙa tafiya a kaikaice yana ba iska haƙarƙarinsa, tsayi yana zubewa gudu bai ƙaru ba. Wace takarda ce ta koya masa wannan a kan 767? Ƙafar gaba ba ta kulle ba, hanci ya goga ƙasa, ga masu tseren motoci a kan titin da iyalansu. Ba wanda ya mutu. Jirgin ma an gyara shi ya ci gaba da aiki har 2008.

Injiniya Zazzau:
Ranka ya daɗe, ai Gimli hujjata ce. Me ya kai su can? Na'urar nuna mai ta lalace, sai aka auna tankuna da sandar da ke ƙarƙashin fiffike, aka samu lita 7,682. Tafiyar tana son kilo 22,300. Litar man jirgi kusan kilo 0.8 ce, amma aka ninka da 1.77, adadin da ake amfani da shi in ana lissafi da fam irin na awon Turawa. Sai lissafi ya nuna akwai 13,597, saura 8,703, aka raba da 1.77 aka zuba lita 4,917. Abin da ya kamata a zuba ya haura lita 20,000. Suka tashi da fam 22,300 suna zaton kilo ne, ƙasa da rabin bukata. A Ottawa aka sake awo da wannan adadin, kuskuren ya sake wucewa. Lokacin Kanada tana tsakiyar komawa awon kilo, 767 ne sabon jirgin da ya zo da shi, kuma an cire kujerar injiniyan cikin jirgi wanda da shi ke wannan lissafi, ba a fayyace wanda ya gaje shi ba.

Hannun Pearson ɗin ma bai motsa komai ba sai da ƙaramar farfelar nan da ke faɗowa daga cikin jirgi in injuna sun mutu, iska ta juya ta, ta ba famfon haidirolik ƙarfi. Ƙarfinta da gudun jirgi yake tafiya, shi ya sa da suka rage gudu sitiyari ya yi nauyi.

Ɗan Autan Zaure:
Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Mutane da yawa suna zaton in inji ya mutu jirgi faɗowa yake kamar dutse. Yaya za a bayyana musu a taƙaice? Sannan haɗarin alhazai na Kano a 1973 yana cikin wannan babin?

Tsohon Kyaftin:
Auta, ka ce musu kamar mota ce da aka sa firi a gangara: tsayin da kake shi ne manka. Fiffike bai san inji ba, iska ya sani. Babban jirgin fasinja yana iya mita 15 ko fiye gaba a kan kowace mita 1 da ya sauko, in tayoyi suna ciki kuma an riƙe gudun da ya dace. Ka ja hanci sama don kwaɗayin nisa, gudu ya ragu, nisan ya gajarce. Ka sauke tayoyi da wuri, ka yi asarar wani kaso babba. Abin da ba ka da shi kawai shi ne damar gwaji na biyu.

Hajiyar Hasumiya:
Na Kano ba ya ciki, ƙanena. Boeing 707 ne na kamfanin Alia na Jodan da Nigeria Airways ta yi haya, ya taso daga Jidda zuwa Legas ran 22 ga Janairun 1973, yanayin Legas ya ɓaci aka karkato shi Kano. Lafiya lau ya zo, a wurin saukar ne ƙafa ta karye wuta ta tashi, mutum 176 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Karkata daban, gaggawa daban.

Tun da an zo nan, bari in ƙara abin da su Kyaftin da Injiniya suka tsallake, wato baki. A rediyo matakai ne. PAN PAN sau uku: akwai matsala amma rai bai shiga haɗari ba tukuna. MAYDAY sau uku: a share mini hanya. Lambar 7700 a na'urar da ke amsa wa rada tana haska jirgin a allon kowane mai kula da zirga-zirga, 7600 rediyo ya mutu, 7500 an yi fashin jirgi, kuma zangon 121.5 a buɗe yake dare da rana. Wanda ya ji MAYDAY abu uku zai tambaya: me kake so ka yi, mutum nawa ne a ciki, man minti nawa ya rage.

Avianca 52, ran 25 ga Janairun 1990, ya sha jira a sama fiye da awa ɗaya a hanyar New York. Mataimakin matuƙi ya ce suna son a ba su fifiko, ya ce mai yana ƙarewa, amma bai furta kalmar gaggawa ba. Suka kasa sauka a gwajin farko saboda iska, aka zagaya da su kamar kowane jirgi, injuna huɗu suka mutu. Mutum 73 cikin 158 suka rasu. Ƙa'idar yanzu a fili take: in lissafi ya nuna za ka sauka da ƙasa da man ajiyar ƙarshe, na minti 30 ga jirgin jet, dole ka ce MAYDAY ka ambaci mai. Ba kunya a ciki, takarda kawai za ka cika daga baya.

Injiniya Zazzau:
Hajiya ta kawo mu gida. Dana 992, ran 3 ga Yunin 2012, MD-83 daga Abuja zuwa Legas. Rahoton hukumar binciken haɗurra da ya fito a 2017 ya nuna injin farko ya daina ba da ƙarfi kusan minti 17 da tashi. Jirgi mai inji biyu in ya rasa ɗaya, ƙa'ida ita ce fili mafi kusa da ya dace. Aka ci gaba zuwa Legas, ba a bi takardar matakai ba, ba a sanar da gaggawa ba sai da na biyun ya ƙi amsa totur ana gab da sauka. Mutum 153 na ciki da wasu a ƙasa a Iju-Ishaga. A wannan lokacin ko Pearson ne a kujerar ba abin da zai iya, an riga an kashe tsayin da lokacin.

Tsohon Kyaftin:
Wannan ban musa ba. Amma kada Auta ya tafi da cewa darasin shi ne "yi maza ka sauka", don sauri ma ya kashe mutane. British Midland 92, ran 8 ga Janairun 1989, Boeing 737-400: ruwan fanka ya karye a injin hagu, jirgi ya ɗauki rawa, hayaƙi ya shigo. Cikin daƙiƙu suka rage totur na dama, rawar ta lafa saboda na'urar totur mai sarrafa kanta ta saki na hagun, sai suka ɗauka sun kama mai laifi, suka kashe lafiyayyen. Fasinjoji suna ganin wuta a hagu, sun ji kyaftin ya ce dama, ba wanda ya yi magana. Da aka ƙara wuta ana gab da sauka na hagun ya mutu, suka faɗi a gefen babbar hanya a Kegworth, mutum 47. A 2015 TransAsia 235 ya maimaita irin wannan a Taipei. Shi ya sa ake koyar da cewa hannu ba ya taɓa makashin inji sai mutum biyu sun kalli agogo sun furta lambar injin da baki.

Ga kishiyarsa. Pan Am 6, Oktoban 1956, daga Honolulu zuwa San Francisco, injuna biyu cikin huɗu suka lalace a tsakiyar teku da dare, farfelar ɗaya ta ƙi tsayawa tana jan jirgi baya. Kyaftin Richard Ogg ya lissafa ya ga mai ba zai kai gaba ko baya ba. Bai yi gaggawa ba. Ya yi ta kewaya jirgin ruwan masu gadin teku, Pontchartrain, har gari ya waye, mai ya ragu, jirgi ya yi sauƙi. Ya san wutsiyar irin wannan jirgi ta taɓa ɓallewa a saukar ruwa, sai ya kwashe mutanen baya ya dawo da su gaba. Wutsiyar ta ɓalle kuwa. Duk mutum 31 suka fita.

Qantas 32 ma haka, A380 a Singapore ran 4 ga Nuwamban 2010. Bututun mai ya tsage cikin inji na biyu, faifan tabain ya tarwatse ya huda fiffike da wayoyi. Sun kusa awa ɗaya suna bin saƙonnin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya kafin su juyo, don su san birki nawa ya rage da titin da zai ishe su. Mutum 469, ba wanda ya ji ciwo.

Sarkin Kwana-kwana:
Kyaftin, Allah ya ƙara girma, duk misalanka babu wuta a cikin jiki. In akwai ta lissafin ya canza gaba ɗaya. Swissair 111, ran 2 ga Satumban 1998: daga jin wari a ɗakin matuƙa zuwa faɗawa teku kusa da Halifax kusan minti 21 ne. Tartsatsin waya ya kama rufin da ke hana zafi da sanyi a saman silin, inda babu na'urar jin hayaƙi. An daɗe ana cewa da ba su tsaya shirin zubar da mai ba da sun kai, amma masu binciken Kanada sun lissafa sun ce ko da sun gangaro nan take ba za su sauka lafiya ba. Duk da haka tun daga nan aka juya takardar hayaƙi: ka fara karkata zuwa fili, binciken tushen wutar ya biyo baya.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne Nigeria Airways 2120, ran 11 ga Yulin 1991, DC-8 na hayar kamfanin Nationair na Kanada, alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato. Tayoyi biyu iskarsu ba ta kai ba, an sani, aka nemi naitirojin ba a samu a kan lokaci ba, aka saki jirgin don kada a makara. Taya mai ƙarancin iska tana jibga wa abokiyar zamanta kaya, ga nauyi, ga zafin Jidda, ga doguwar tafiya zuwa bakin titi. Ɗaya ta fashe ana gudun tashi, ta biyun ta bi, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har ya kama. Matuƙa ba su san da wuta ba, suka naɗe ƙafafu, wato suka ɗauki wutar da hannunsu suka sa cikin rami mai bututun haidirolik da wayoyi, kusa da tankin tsakiya, kuma ramin ba shi da na'urar jin zafi. Sun juyo, sun ga titi, jirgin ya ƙone ya faɗi kusan kilomita 3 kafin ya kai. Mutum 261, ba wanda ya fita. Allah ya gafarta musu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, wannan jirgi a ƙasa aka rasa shi.

Antin Kabin:
Amin. Ni kuma inda nake saɓa muku duka shi ne kuna tsayar da labari a inda taya ta taɓa ƙasa. Saudia 163, ran 19 ga Agustan 1980, TriStar daga Riyadh zuwa Jidda. Ƙararrawar hayaƙi ta ɗakin kaya ta buga minti 7 da tashi, aka ɓata wasu mintuna ana tabbatarwa, aka juyo, aka sauka sumul. Maimakon a danne birki a tsaya inda motocin kashe wuta suke, jirgin ya gangara har ƙarshen titi, fiye da minti 2 da rabi. Ya tsaya, injuna suka ci gaba da aiki fiye da minti 3, ba umarnin fita. Kafin na waje su buɗe ƙofa an haura minti 20. Mutum 301, dukkansu a ciki.

Ƙa'idar ƙera jirgi ita ce a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofi. Ba da ka aka zaɓi adadin ba. Air Canada 797 ya sauka Cincinnati a Yunin 1983 da wuta a bayan bangon bayi, da aka buɗe ƙofofi iska ta shiga, cikin daƙiƙa 90 ciki ya kama baki ɗaya, 23 cikin 46 ba su fita ba. Fitilun da kuke gani a ƙasa gefen kujeru da na'urar jin hayaƙi a bayi, bayan wannan aka wajabta su. Hayaƙi sama yake taruwa, don haka a sunkuye ake tafiya, kuma tun kafin tashi mutum ya ƙirga layin kujeru tsakaninsa da ƙofa biyu mafi kusa. Jaka kuwa a bar ta. Mai tsayawa buɗe akwatin sama daƙiƙun na bayansa yake ci.

Sai rigar ruwa. Ethiopian 961, ran 23 ga Nuwamban 1996, wanda Legas ma tana cikin zangonsa, 'yan fashi suka tilasta shi har mai ya ƙare, kyaftin Leul Abate ya sauke shi a teku gefen tsibirin Komoros yana kokawa da su. Fiffiken hagu ya fara caka ruwa, jirgin ya karye. Cikin 125 da suka rasu, da yawa sun tsira daga bugun, amma sun hura rigunansu tun suna ciki, ruwa ya ɗaga su ya manna da silin, suka kasa nutsawa su fita. A bakin ƙofa ake jan igiyar.

Ɗan Autan Zaure:
Anti, na gode. To Hudson ɗin fa? Ina ya faɗa tsakanin maganar Injiniya da ta Baba Kyaftin?

Injiniya Zazzau:
A wajena ya faɗa. Ran 15 ga Janairun 2009, A320, mutum 155, ƙafa 2,800 kacal tsuntsaye suka kashe injuna biyun. An gwada injin da tsuntsu mai kilo 1.8, shi ma sharaɗin kada ya tarwatse ne kawai, su kuwa agwagin dajin Kanada kowanne ya kai ninki biyu, kuma kowane inji ya haɗiyi fiye da ɗaya. Cikin daƙiƙun farko Sullenberger ya kunna ƙaramin injin wutsiya mai ba da lantarki, alhali a takarda yana can ƙasa. Wannan ya bar kwamfutocin tuƙi da cikakkiyar kariyarsu, suka hana jirgin sakin iska lokacin da gudu ya yi ƙasa sosai a ƙarshe. Shawara ta biyu ita ce haƙura da filayen jirgin LaGuardia da Teterboro. A na'urar kwaikwayo an samu masu komawa fili in sun juya nan take, amma da aka saka jinkirin daƙiƙa 35 na tunanin ɗan Adam, ba a kai ba.

Tsohon Kyaftin:
Kuma wa ya riƙe fukafukai daidai ya ɗaga hanci a kan ruwa? Ka kwatanta da Komoros ka ga abin da karkatar fiffike kaɗan take yi. Takardar da mataimakinsa Jeffrey Skiles yake karantawa an rubuta ta ne don wanda ke sama da ƙafa 20,000, shafi uku, minti 3 da rabi suke da shi, ko maɓallin toshe ƙofofin iska na saukar ruwa ba su kai gare shi ba. Sun bugi ruwa suna saukowa ƙafa 12.5 a daƙiƙa, an tsara jikin don 3.5, shi ya sa bayan ya tsage ruwa ya shigo. Sauran kuma ikon Allah: jirgin yana da kwale-kwalen roba da hanyar ba ta wajabta ba, ga jiragen fito a kusa, ruwan kuma digiri 5 ne.

In kana son inda takarda ta ƙare ƙaf, United 232 ne, ran 19 ga Yulin 1989. Faifan fanka na injin wutsiyar DC-10 ya fashe saboda wani aibi da ke cikin ƙarfen tun daga narka shi, ɓaraguzai suka yanke layukan haidirolik duka uku a inda suka haɗu. Sitiyari ya zama ado. Kyaftin Al Haynes da mutanensa, da Denny Fitch mai horar da matuƙa da ya taso daga kujerar fasinja ya durƙusa a kan totur biyu, suka tuƙa da ƙarfin inji kawai: ƙara hagu ka juya dama, ƙara duka hanci ya ɗaga. Jirgin yana ta sama da ƙasa da kansa, kuma dama kawai yake son juyawa. Sun iso Sioux City da gudun kilomita 400 a awa, babu filaf, wato ƙarin fiffiken da ke ba jirgi damar sauka a hankali, suna saukowa ƙafa 1,850 a minti, ninki shida na sauka ta ƙa'ida. Mutum 184 cikin 296 suka rayu. A 2003 matuƙan jirgin kaya na DHL da makami ya huda a Bagadaza suka sauke A300 lafiya da wannan dabarar.

Hajiyar Hasumiya:
Kyaftin, Haynes da kansa ya sha faɗa cewa horon aiki tare ne ya cece su, ba shi kaɗai ba. Kyaftin ɗin wani zamanin da ba zai bar baƙo ya taɓa masa totur ba.

Kuma ku duba Air Transat 236, Agustan 2001, don yana ba kowannenku rabin gaskiya. A330 daga Toronto zuwa Lisbon, mutum 306. An canza injin dama kwanaki kaɗan kafin nan da kayan da ba su dace da juna ba, bututun haidirolik ya riƙa gogar na mai har ya huda shi. Alamar farko mai ruɗarwa ce: zafin man inji ya yi ƙasa, matsinsa ya yi sama, saboda mai sanyi yana kwarara ta wurin. Da kwamfuta ta ce tankuna sun bambanta, suka buɗe bawul ɗin da ke haɗa su da ka, ba su karanta gargaɗin da ke takardar ba cewa kada a buɗe in ana zargin yoyo. Man lafiyayyen fiffike ya bi ta ramin. Sannan Robert Piché ya yi shawagin kusan kilomita 120, minti 19 ba inji, ya sauka Lajes a tsibiran Azores da gudun kilomita 370 a awa, tayoyi takwas suka fashe, kowa ya rayu. Abin da ya sa Azores take kusa kuwa, hanyar da aka ba su a daren ta fi ta kullum kudu.

Ɗan Autan Zaure:
Tambaya ta ƙarshe ga Sarki. In tayoyi sun ƙi fitowa, har yanzu ana shimfiɗa kumfa a titi? Kuma dole ne a zubar da mai?

Sarkin Kwana-kwana:
An yi a Warsaw ran 1 ga Nuwamban 2011, da LOT 16, Boeing 767, Tadeusz Wrona ya sauke mutum 231 a kan ciki. Amma an daɗe da daina ba da shawarar hakan. Kumfar tana cin lokaci, ba ka da tabbacin inda jirgin zai taɓa, kuma wadda ka zubar ita za ka nema in wuta ta tashi. Gara motoci su tsaya cike a gefe, su isa wurin cikin minti 3, in da hali 2. In birki ya yi zafi ta gaba ko ta baya ake tunkarar taya, ba ta gefe ba, don in ta fashe gefe take watsi. Akwai toshe a jikin ƙarfen tayar da ke narkewa ya saki iska kafin a kai ga haka.

Zubar da mai na manya ne. Boeing 777-300ER yana tashi da tan 351, iyakar saukarsa tan 251. Su 737 da A320 ba su da bututun zubarwa sam, ko su kewaya su ƙona, ko su sauka da nauyinsu injiniyoyi su duba ƙafafu daga baya. In wuta ce ko mara lafiya na gargara, da nauyin ake sauka.

Injiniya Zazzau:
A ƙara wannan kan na Warsaw. Layin haidirolik na tsakiya ya tsiyaye tun bayan tashi daga Newark, amma akwai hanya ta biyu, ƙaramar mota mai lantarki da ke sakin makullan ƙafafu su faɗo da nauyinsu. Ta ƙi aiki saboda fis ɗaya, C829, ya fito a wani allo da ke ƙasa bayan kujerar mataimaki, kuma takardar matakan ba ta ce a duba shi ba. Da aka ɗaga jirgin daga titi aka danna fis ɗin, aka taɓa makunnin, ƙafafu suka sauko.

Tsohon Kyaftin:
Naka ne wannan, Injiniya. Sioux City dai ban ba ka ba.